Kurakuran da aka fi yi game da adireshin MAC da yadda ake gyara su

Kowane katin sadarwa, na waya ne ko na kwamfuta ko na firinta, yana da lambar shaida da ake kira adireshin MAC, kuma da ita ce rawuta, wato na'urar da ke raba intanet a gida ko ofis, take bambance na'urorin da ke kanta. Alamomi 12 ne, alƙaluma da haruffa, da aka jera bibbiyu, shidan farko kuma suna nuna kamfanin da ya ƙera katin, domin hukumar injiniyoyi ta IEEE ce take raba wa kamfanoni su.

Kuskuren da na fi cin karo da shi a ƙananan ofisoshin Kano shi ne a kwafo adireshin daga bayanan waya, a shigar da shi jerin na'urorin da rawuta za ta amince da su, sai wayar ta ƙi hawa, a yi ta kashe rawuta ana kunnawa. Dalilin shi ne, tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, waya tana ƙirƙiro adireshi na daban ga kowace Wi-Fi domin kada a riƙa bin sawun mai ita. Gyaran shi ne a duba adireshin da ke cikin bayanan wannan Wi-Fi ɗin kanta, ko a kashe ɓoye adireshin wayar na asali a kan wannan Wi-Fi kaɗai. Idan alama ta biyu 2 ce ko 6 ko A ko E, to ƙirƙirarre ne.

Haka kuma kwamfutar tafi-da-gidanka tana da adireshi biyu, na kebul da na Wi-Fi, kuma ana yawan ɗauko wanda ba shi ba. Haruffan ba sa wuce A zuwa F, saboda haka abin da ya yi kama da O sifili ne.

Abin da ya fi damuna shi ne masu zuwa kasuwar wayoyi ta Farm Centre a Kano da wannan adireshi a takarda, suna fatan a gano musu wayar da aka sace. Adireshin MAC ba ya ƙetare rawuta, don haka shafukan intanet ba sa ganinsa. Lambar da ya kamata a adana tun ranar saye ita ce IMEI, lambar shaidar wayar kanta mai alƙaluma 15, wadda take fitowa idan an danna *#06#.

Tace na'urori ta adireshinsu kuma ba ya tsare Wi-Fi, tunda ana iya kwaikwayon adireshin wani cikin sauƙi. A sa kalmar sirri mai ƙarfi a tsarin tsaron Wi-Fi na WPA2 ko WPA3.