Tsohon Kwabo Mai Kuskuren Bugu: Inda Mutane Suke Tafka Asara

Kwanaki wani yaro ya kawo mini kwabo mai huji a nannaɗe cikin leda, wai a adakar kakarsa ya tsinta, kuma a WhatsApp an ce masa miliyoyi ne. Yana kwancewa na ga yana walƙiya. Ashe kwana ya yi yana dirzarsa da toka da lemon tsami.

Wannan ita ce ɓarnar da ba ta da gyara. Masu tara tsofaffin kuɗi dattin shekaru suke so su gani a jikin ƙarfen, domin shi ne shaidar ba a taɓa shi ba. Toka kuwa tana kankare rubutu, ta bar zane-zane. In ka samu tsohon kwabo, ka riƙe shi ta gefe, ka sa a takarda, ka bar shi haka nan.

Sai rikita lahani da kuskure. Kuskuren da ake biya kuɗi a kansa shi ne wanda ya faru a gidan buga kuɗi: hatimi ya goce hoto ya koma gefe, ko rubutu ya fito biyu-biyu kamar sentin Amurka na 1955, ko a haɗa fuskoki biyu da ba nasu ba, kamar fenin 20 na Ingila na 2008 da ya fito babu shekara. Sulen da mota ta taka, ko wanda maƙeri ya huda don sarƙar amarya, lalatacce ne kawai. Hujin anini da kwabon zamanin Turawa kuma da gangan aka yi shi. Haka in ka juya kuɗin Amurka ka ga bayansa kai a ƙasa, to haka suke bugawa.

Shekara ma tana yaudara. Azurfar nan mai hoton Mariya Teresa, sarauniyar Ostiriya, da ake gani wurin maƙeran farfaru, 1780 ne a jikinta, amma an ci gaba da buga ta da wannan shekarar tun bayan rasuwar matar, don haka galibi nauyin azurfarta ne kuɗinta. Kwabon 1936 mai sunan Sarkin Ingila Edward na 8, duk da bai cika shekara kan mulki ba, an buga shi da yawan gaske. A wurina, ƙaramin harafin H ko KN da ke nuna masana'antar Birmingham da ta buga shi ya fi cancantar a duba da gilashi.

Farashin da mutum ya rubuta a intanet buri ne. Ka nemi abin da aka saya da gaske. Duk wanda ya ce ka tura kuɗin rajista ko na gwaji kafin ya saya, ɗan damfara ne.

Yaron ya tambaye ni, "Baba, to yanzu nawa zai yi?" Na ce ya mayar wa kakarsa da kwabonta.