Yadda za ka ɗauki hotunan kayan gadon Damagaram, ka adana su ba su ɓata ba

A watan Satumban 2024 ruwan sama ya rusa tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni da ke Damagaram. Duk wanda zai so ya san yadda gininsa yake a da, yanzu sai ya nemi wanda ya taɓa ɗaukar hotonsa da kyau. Haka zanen bango yake tafiya a Birni da Zango duk damina, haka sana'a take tafiya in tsohon da ya iya ta ya kwanta dama.

Wasu ƙasashe sun riga mu farga. Karol Plicka, mai ɗaukar hoto, wanda aka haifa a Viyana a 1894, iyayensa ƴan Cek ne, amma a ƙauyukan Slovakiya ya yi aikin da aka fi saninsa da shi. Ƙungiyar raya al'adu ta Matica slovenská da ke garin Martin ce ta ɗauke shi aiki, ya riƙa bin ƙauyuka yana ɗaukar hoton sutura da bukukuwa, yana rubuta waƙoƙi daga bakin masu rera su, har ya fito da fim ɗin Zem spieva a 1933. Abin koyi a aikinsa shi ne kyamara da alƙalami tare suke tafiya. Hoton da ba a rubuta komai a kansa ba, bayan shekara talatin babu mai iya cewa gidan wa ne, ko rigar wace unguwa ce.

Kafin ka fito da kyamara, nemi izini. Fara da mai unguwa, sannan maigida. Ka yi sallama, ku gaisa, ka ce: "Baba, zanen ƙofar nan nake son in ɗauka, don jikoki su san aikin kakanninsu." Ka faɗi inda hoton zai je, in za ka sa shi a Facebook ka faɗa tun farko. Cikin gida kuwa, wurin jere da kitso da lalle, mace ce za ta shiga ta ɗauka. Abin da ya shafi fada, ta hannun fadawa ake bi.

Kayan aiki ba su da yawa: kyamara ko salula mai kyau, batir biyu, memori biyu na giga 32, littafi da biro, sanda mai tsawon mita ɗaya da aka yi wa alama duk santimita 10, da ƙyalle mai laushi. Lokacin hunturu ka sa kyamara cikin leda mai zif, kuma kada ka sauya gilashinta a waje. Ƙura in ta shiga ciki, ɗigo baƙi za ka riƙa gani a wuri ɗaya a kowane hoto. In ƙura ta hau gilashi, ka kaɗe ta kafin ka goge, domin yashi yana karce shi.

Zanen bango shi ya fi wuya, shi kuma aka fi ɓatawa. Ado ne mai tudu da kwari, inuwa ce take fito da shi. In haske yana dukan bangon gaba da gaba, sai hoton ya fito fari fat, zanen ya ɓace. Ka je tsakanin ƙarfe 7 da 9 na safe, ko bayan la'asar, ka zaɓi lokacin da rana take bin bangon ta gefe. Tsaya daidai tsakiyar ƙofa, kyamara a miƙe. In ka ɗaga bakinta sama don zanko ya shiga, ginin zai fito kamar zai faɗi ta baya. Gara ka ja da baya. Kowane gida a yi masa hoto uku a ƙalla: ɗaya da titi da maƙwabta, ɗaya fuskar gidan kaɗai da sandar mita jingine a gefe, ɗaya kusa da zanen. Kada ka kauce wa tsaga ko inda yaɓe ya zube. Magini da zai gyara wata rana wannan yake nema.

Tufafi suna ruɗa kyamara. Turkudi da duk rinin da ya sha bugu yana ƙyalli, in ka kunna filasha sai ya dawo da hasken, launin ya mutu. Kashe ta, ka shimfiɗa kayan a inuwar zaure kusa da ƙofa. Baƙin yadi yana sa kyamara ta ƙara haske har ya koma toka-toka, don haka ka rage hasken da mataki ɗaya. Farar riga kuma ka ƙara mata mataki ɗaya. Ɗauki gaba da baya, sannan ka juya cikin aikin, domin a nan ake gane ɗinkin hannu da na keke. Wurin dukawa da majema da maƙera, hannu ka bi: kowane mataki na aikin da hotonsa, kowane kayan aiki shi kaɗai.

A nan take, kafin ka tashi, rubuta lambar hoton, ranar, unguwar, sunan mai aikin in ya yarda, wanda ya koya masa, da sunan abin yadda shi ya faɗe shi. In ya ce aska takwas ko dagi, haka za ka rubuta, kada ka mayar da shi Faransanci. Kunna rikodar salula ka bar shi ya yi bayani minti biyar.

Da daddare ka zuba hotunan a kwamfuta, ka sa musu suna da shekara a gaba, kamar 2025-03-14_Birni_001. Kwafi uku ake ajiyewa: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan ajiya na waje, ɗaya a wani gari dabam. Nan ɗan'uwa da ke zaune a Yamai, Kano ko Faransa yake da amfani, ya riƙe kwafi na uku, in da hali ya sayo faifan. In za ka tura ta WhatsApp, tura a matsayin fayil. In ka tura a matsayin hoto, manhajar tana matse shi, ingancinsa ya ragu. Kada ka gyara launi a kan na asali. Duk shekara ka jona faifan ka buɗe wasu hotuna ka duba, bayan shekara huɗu ko biyar ka kwashe zuwa sabo.

Tsofaffin hotunan takarda da ke cikin akwatin iyaye, a riƙe su ta gefe, a kwafe su da sikana a ma'aunin dpi 600 (wato ɗigo 600 a kowane inci), gaba da baya, saboda rubutu da hatimin mai hoto a baya suke. Kada a yi musu rufin roba mai zafi, ba ya ciruwa. Wanda ya manne da gilashin firam kada a ɓamɓare shi, a ɗauki hotonsa yadda yake. A ajiye su cikin akwatin ƙarfe a kan kanta, nesa da ƙasa da bango, saboda gara da laimar damina.

Ka wanke hoto ɗaya ko biyu ka kai wa maigidan da hannunka cikin sati biyu. Ka tafi da littafinka, domin sau da yawa sai tsoho ya riƙe hoton yake tuna sunan maginin da shekarar da aka yi zanen.