Kurakuran da ake maimaitawa wajen farfaɗo da tsohon zauren wasan kwaikwayo

Na gaji da ganin ƙungiyoyin matasa a nan Katsina suna karɓar tsohon zauren taro na ginin ƙasa da niyyar mayar da shi wurin wasan kwaikwayo da karatun waƙa, sannan su ƙarasa rusa shi da hannunsu da sunan gyara.

Kuskure mafi muni shi ne yi wa bangon ƙasa filasta da siminti, kuma ni kaina na taɓa faɗawa cikinsa. Lokacin da muka karɓi wani zaure a cikin gari, wani dattijon magini ya ce a yi masa yaɓe a shafe shi da makuba, ni kuwa na ce masa, "Baba, ai zamani ya wuce nan," na sa aka sayo siminti da kuɗin da 'yan ƙungiya suka tara. Siminti ba ya haɗa jiki da ƙasa, kuma da zarar ya tsage ruwa ya shige bayansa, ba shi da hanyar fita, sai tubali ya riƙa narkewa a ɓoye. A watan Agusta na damina ta biyu na ƙwanƙwasa bangon gabas, wanda ya fi shan dukan ruwa, na ji yana amsawa kamar ƙwarya. Ba a yi mako guda ba filastar ta zubo, ta tafi da ƙasar bangon. Tun daga nan ba na yarda a shafa komai sai makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Mai ganin ginin ƙasa ba ya ƙarko ya je ya dubi tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda yanzu take gidan tarihi.

Sai masu fara fenti tun ba su hau soro ba. Wannan gaggawar neman yabo ce kawai, domin ruwa daga sama yake kashe gini. Ɗabi'ata ita ce in fara da indararo, in cire ciyawa da sheƙar tsuntsu da suka toshe shi, sannan in bi azara ɗaya bayan ɗaya da bakin wuƙa. Wadda wuƙar ta nutse a cikinta, a maye gurbinta da ta giginya, kada a sa katako, gara za ta cinye shi.

A ɗauki hoton zanen bango kafin a taɓa shi. Kada a sassaƙe bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufin zaure daga ciki, don a binne wayar lantarki.

Akwai kuma waɗanda ke gama aiki tsaf ba su gaida mai unguwa da limamin masallacin da ke kusa ba, alhali sun san irin kallon da ake yi wa duk abin da ya yi kama da gidan silima. Ni tun kafin a kwaɓa ƙasa nake kai musu tsarin, da ƙofar mata daban, da alkawarin tashi kafin magariba.