Yadda za ka tattala batirin motar kwana a daji

A Amurka, masu motar kwana, wadda ke da gado da kicin a ciki, kan yi zango a hamadar Arizona, inda babu wuta balle famfo. Komai na kan batiri.

1. Kafin ka tashi, cika batirin taf. Batirin ruwa mai bolt 12, idan ya cika ya huta, mitar auna bolt kan nuna kusan 12.6.

2. Yi lissafi. Batiri mai amfiya-awa 100 (ma'aunin yawan wutar da yake ɗauka ke nan), rabi ne kawai naka, wato 50. Da zarar mita ta sauko wajen 12.1, dakata ka yi caji. Yawan zuƙe shi ƙasa da haka ne ke kashe shi da wuri. Na litiyam ya fi juriya, sai dai akwai tsada. Kuma ka auna bayan ka kashe komai ya ɗan huta, don idan kaya na ja, mita ƙarya take yi maka.

3. Idan firjinka na aiki da wuta ko gas, mayar da shi kan gas.

4. Kashe inbata idan ba ka amfani da ita. Ko ba a jona mata komai ba, tana shan wuta a ɓoye.

5. Da dare, fankar hita ce babbar ɓarauniya. Rage ta, ka ƙara bargo.

6. Tada janareto da safe, lokacin da batirin ke jin yunwa yana karɓar caji da sauri, ka bar sola ta ƙarasa da rana. Goge ƙurar faifan solar, kada ka faka a inuwa.