Yadda Ake Gano Ƙwayoyin Cutar Da Ke Juya Halin Dabba Da Mutum, Da Yadda Ake Datse Musu Hanya

Akwai halittun da ba sa iya rayuwa sai a cikin jikin wata halitta, kuma daga cikinsu akwai waɗanda ba su tsaya ga shan jinin mai masaukinsu ko cin abincinsa ba, sai sun kai ga sauya masa ɗabi'a. Ɓera ya daina tsoron kyanwa, gyaren da babu abin da ya haɗa shi da ruwa ya yi tsalle ya faɗa ciki, mutum ya ruga ya tsoma ƙafarsa a tafkin da jama'a ke sha. A duk waɗannan, ƙwayar cutar tana buƙatar a kai ta wani wuri ne domin ta hayayyafa, sai ta sa mai ɗauke da ita ya kai ta da ƙafarsa. Wanda ya gane aikin da take nema a yi mata ya san inda zai tsaya ya tare ta, kuma a kan wannan aka tsara matakan da ke tafe.

Mataki na farko: a bi sawun rayuwar ƙwayar

Kafin a yanke hukunci a kan kowane baƙon hali, a fara tambayar inda ƙwayar ta fito da inda ta dosa. Da yawansu suna da masauki iri biyu, wato na wucin gadi inda suke girma, da na ƙarshe inda suke balaga su hayayyafa, kuma sauyin hali ya fi bayyana a jikin na wucin gadin, domin shi ne ake so a cinye.

Tsutsar hanta mai suna Dicrocoelium dendriticum ta isa misali. Ƙwanta yana fita a cikin kashin tunkiya ko saniya, dodon koɗi ya ci, 'ya'yan tsutsar su girma a cikinsa, sannan ya fitar da su a cikin ɗan dunƙulen majina. Tururuwa ta zo ta ci majinar. Yawancin 'ya'yan suna tarewa a cikin tururuwar, amma ɗaya daga cikinsu takan haura ta maƙale kusa da jijiyoyin da ke sarrafa bakinta. Da yamma ta yi, sanyi ya sauko, sai tururuwar ta bar 'yan uwanta ta hau kan tsinin ciyawa, ta dantse shi da baki, ta kwana a haka tana jiran dabbar da za ta zo kiwo. Idan hantsi ya yi ba a cinye ta ba, sai ta saki ciyawar ta koma harkarta kamar babu abin da ya faru, domin zafin rana zai kashe ta tare da abin da ke cikinta. Makiyayin da ya san wannan ya san cewa sanyin safiya da na maraice su ne lokutan da dabbobinsa suka fi haɗiyar tsutsar a makiyayar da take, kuma ya san amfanin ba su maganin tsutsa bisa shawarar likitan dabbobi.

Mataki na biyu: a bambance juyin hali da rashin lafiya

Ba kowace dabbar da ta canza hali ba ce ake juyawa. Marar lafiya yakan yi kasala, ya ƙi abinci, ya ware kansa, kuma babu ribar da ƙwayar cutar ke samu daga hakan. Don haka a lura da abu uku: shin halin takamaimai ne, shin yana zuwa daidai lokacin da ƙwayar ta isa sauya masauki, kuma shin yana ƙara mata damar isa inda ta dosa? A rubuta abin da aka gani da lokacinsa, sannan a kwatanta da dabbobin da ba su kamu ba, domin ido kaɗai yana yaudara.

Haka Kevin Lafferty da Kimo Morris suka yi a binciken da suka wallafa a 1996 a kan wani ƙaramin kifi na gaɓar Kaliforniya, wanda wata tsutsa ke tarewa a kan ƙwaƙwalwarsa. Sun ga kifin da ya kamu yana yawan tasowa saman ruwa yana juyi yana walƙiya da cikinsa, amma ba su tsaya a nan ba. Sun zuba kifaye masu cutar da marasa ita a cikin shinge biyu, suka rufe ɗaya da raga suka bar ɗaya a buɗe, sai suka tarar tsuntsaye sun fi cin masu cutar da ninki 10 zuwa 30, kuma a cikin hanjin tsuntsu ne tsutsar ke hayayyafa. Wannan ita ce irin hujjar da ake nema.

Akwai kuma inda lamarin bai fito fili haka ba. Tunkiyar da ke ta kewaya wuri ɗaya da kanta a karkace tana iya kasancewa da ƙullun ruwa na tsilar Taenia multiceps a ƙwaƙwalwa, wanda danne ƙwaƙwalwar da yake yi ya isa ya jawo wannan kewayen. Ko ma yaya aka fassara shi, abin yi ɗaya ne: kada a jefa wa kare kan dabbar da ta mutu da wannan alama, saboda a hanjin kare tsilar ke balaga, kuma daga kashinsa take komawa makiyaya.

Mataki na uku: a nisanci dabbar da ta daina tsoro ko ta sauya ɗabi'a farat ɗaya

Wannan ya fi shafar ciwon haukan kare, wanda ƙwayar bairas ke haddasawa. Tana bin jijiyoyi har ƙwaƙwalwa, ta taru a cikin yawu, ta hana dabba haɗiya, sannan ta sa ta cizo, wato ta haɗa duk abin da take buƙata domin shiga sabon jiki. Ana kiyasin tana kashe kimanin mutum 59,000 a duniya kowace shekara, kuma kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samu. Dabbar dawa da ta fito da rana tsaka tana kusantar mutane ba tare da tsoro ba abar gudu ce, ba abar tausayi da hannu ba.

Idan cizo ko yakushi ya auku, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, a shafa maganin kashe ƙwayoyin cuta, sannan a garzaya asibiti a ranar domin fara allurar rigakafi. Kada a jira a ga alama, domin da zarar alamun sun bayyana kusan babu mai tsira. Idan kare ne ko kyanwa da za a iya killacewa, a sa masa ido kwana 10 ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi, amma wannan ba dalili ba ne na jinkirta allurar. Yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi yana datse yaɗuwar cutar.

Mataki na huɗu: a ƙi yi wa ƙwayar aikin da take tura jiki ya yi

A ganina wannan ne mataki mafi wuya, domin a nan mutum da jikinsa yake kokawa. Kurkunu yana shiga ta ruwan sha da ke ɗauke da wasu ƙananan ƙwarin ruwa, ya yi wata 10 zuwa 14 yana girma shiru, har macen ta kai kusan mita ɗaya. Sai ta gangaro ƙafa ta tayar da bororo mai zugi kamar an ɗora garwashi, kuma babu abin da ke sanyaya shi kamar ruwa. Da ƙafar ta taɓa ruwa, tsutsar ta saki dubban 'ya'yanta. Abin yi shi ne a kawo ruwan a bokiti, mai ciwon ya tsoma ƙafarsa a ciki, a zubar da shi a busasshiyar ƙasa nesa da inda ake ɗiban ruwa, sannan ma'aikacin lafiya ya riƙa naɗe tsutsar a hankali, kaɗan-kaɗan kullum, ba tare da ta tsinke ba. Ruwan sha kuwa a tace shi da kyalle mai ƙananan ƙofofi. Babu magani, babu allura, amma da irin waɗannan matakai yawan masu kamuwa ya sauko daga kimanin mutum miliyan 3.5 a 1986 zuwa mutum 14 a 2023.

Ƙaramar farar tsutsar nan da ke damun yara ita ma haka take yi. Da dare macen ke fitowa ta zuba ƙwai a bakin dubura, ƙaiƙayi ya sa yaro susa, ƙwan ya maƙale a farce ya koma baki. A yanke farce, a yi wanka da safe, a wanke zanen gado, a ba duk mutanen gida magani lokaci ɗaya, sannan a maimaita bayan mako biyu.

Zazzaɓin cizon sauro yana juya ɓangarorin biyu, wato mutum da sauro. Wani bincike da aka yi a Kenya, aka wallafa a 2005, ya nuna cewa yaran da ƙwayar ta kai matakin komawa cikin sauro a jininsu suna jawo sauro kusan ninki biyu na sauran yara, kuma an ga cewa sauron da ƙwayar ta isa bakinsa ya fi yawan cizo. Saboda haka mai zazzaɓin ma ya kwana a gidan sauro, ya kuma shanye maganinsa har ƙarshe, domin kare waɗanda ke kewaye da shi.

Mataki na biyar: a tsare gida daga Toxoplasma gondii

An gano wannan ƙwaya a 1908, lokacin da Charles Nicolle da Louis Manceaux suka same ta a jikin wata ƙaramar dabba dangin ɓera a Tunisiya, Alfonso Splendore kuma ya same ta a jikin zomo a Brazil. Tana shiga kusan kowace dabba mai ɗumin jini, amma a hanjin dangin kyanwa kaɗai take yin hayayyafar da ke samar da ƙwai. A shekarar 2000 masu bincike a Jami'ar Oxford suka nuna cewa ɓeran da ya kamu yana daina gudun warin fitsarin kyanwa, wani ma har ya riƙa bin sa. Daga baya an ga 'ya'yan kura masu cutar a Kenya sun fi kusantar zaki, sannan a 2022 aka ruwaito cewa kyarketan gandun dajin Yellowstone na Amurka da suka kamu sun fi barin garke da ninki 11, sun kuma fi zama shugabannin garke da ninki 46.

Ana kiyasin kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ita, yawancinsu ba tare da sun sani ba. Kyanwa tana zubar da ƙwan ne na mako ɗaya zuwa uku bayan ta kamu, kuma ƙwan ba ya iya harbin kowa sai ya yi kwana 1 zuwa 5 a waje. Wannan tazarar ita ce damar mai gida: a kwashe kashin kyanwa kullum, da safar hannu, a wanke hannu da sabulu. Mai juna biyu ta bar wa wani wannan aikin. Kada a ba kyanwa ɗanyen nama, kuma a rufe yashin da yara ke wasa a ciki. Babu dalilin korar kyanwa daga gida, domin shafa ta ba ita ce babbar hanyar kamuwa ba. Naman da bai dahu ba, da ƙasa, da ruwa marar tsafta sun fi zama abin lura. A dafa yankan nama har zafin tsakiyarsa ya kai digiri 63 a ma'aunin Salshiyos a bar shi ya huta minti 3, niƙaƙƙen nama digiri 71, naman kaji digiri 74. A wanke wuƙa da katakon yanka bayan ɗanyen nama, a wanke ganye da 'ya'yan itace, a guji madarar akuya da ba a dafa ba, a sa safar hannu wajen aikin lambu.

Mataki na shida: a auna abin da ake faɗa game da halin mutane, sannan a san wanda ya kamata a gwada

Jaroslav Flegr na Jami'ar Charles da ke Prague ya daɗe yana wallafa binciken da ke danganta Toxoplasma da jinkirin mayar da martani da yawan haɗarin mota, wasu kuma sun danganta ta da taɓin hankali. Sai dai haɗuwar abu biyu a jikin mutum ɗaya ba ta tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗayan, kuma binciken da aka wallafa a 2016 a kan mutum sama da 800 na birnin Dunedin a New Zealand, waɗanda aka bi rayuwarsu tun haihuwa, bai sami ƙwaƙƙwarar alaƙa tsakanin ƙwayar da waɗannan matsaloli ba. Don haka zalunci ne a dubi mai saurin fushi ko mai ganganci a ce tsutsa ce ke tuƙa shi, kuma wanda halinsa ya sauya kwatsam, musamman tare da zazzaɓi, ciwon kai, ruɗewa ko farfaɗiya, asibiti ya kamata a kai shi ba tare da ɓata lokaci ba.

Haɗarin da aka tabbatar yana kan rukuni biyu. Macen da ta kamu karon farko tana da ciki na iya ba ɗan tayin, abin ya kai ga ɓari ko lahani a ido da ƙwaƙwalwa. Gwajin jini yana nuna ko kamuwar tsohuwa ce ko sabuwa, kuma idan sabuwa ce likita yakan ba da spiramycin domin rage yiwuwar ta isa ga jaririn. Rukuni na biyu su ne masu raunin garkuwar jiki, kamar masu ƙanjamau da ya yi nisa da waɗanda aka yi wa dashen gaɓa, domin ƙwayar da ta kwanta shekaru tana iya farkawa ta kumbura musu ƙwaƙwalwa. Mai ƙanjamau da ƙwayoyin garkuwarsa na CD4 suka sauka ƙasa da 100, kuma gwaji ya nuna yana ɗauke da ita, ana ɗora shi a kan maganin co-trimoxazole kullum har sai garkuwarsa ta farfaɗo likita ya ce ya daina.