Yadda ake sarrafa kifin gwangwani ba tare da an zubar da amfaninsa ba

Sadin ɗin da ke cikin gwangwani dafaffe ne. Yawancin masu fara amfani da shi ba sa riƙe wannan, shi ya sa za ka ga an juye shi cikin mai mai zafi ana ta gauraya har ya dagargaje, gida ya cika da ƙarni, daga baya a ce kifin ne ba daɗi. Tun a masana'anta, bayan an liƙe gwangwanin, ake dafa shi da zafin da ya fi na tafasasshen ruwa. Abin da ya rage maka ɗumamawa ne, ko ma ka ci shi a haka.

Fara daga wurin saye. In murfin ya kumbura, ko bakin haɗin ya yi tsatsa, ko ya lotsa sosai a inda aka liƙe, kada ka ɗauka ko kyauta aka ba ka, domin guba na iya taruwa a irin wannan gwangwani ba tare da wari ya nuna ba. Sai ka karanta abin da aka jiƙa kifin a ciki. A wurina na man zaitun shi ne gaba, amma ya fi tsada. Na ruwa ya fi dacewa da mai son rage ƙiba. Na miyar tumatir kuwa sai ka duba, wasu kamfanoni na sa masa sukari.

Bayan ka buɗe, danne kifin da murfin ka tsiyaye man a ƙaramin kofi. In na zaitun ne, cokali ɗaya daga ciki ya isa ka soya albasa, ba sai ka ƙara wani mai ba.

Yanzu ga inda aka fi yin asara. Da zarar an tsaga kifin gida biyu an ga ƙayar tsakiya, sai a sa yatsa a zare ta a jefar, wasu har su kankare fatar. Kada ka yi haka. Ɗauki ƙayar ka murza ta tsakanin babban yatsa da manuni, za ka ji ta ruguje kamar alli, domin zafin dahuwar ya riga ya laushe ta, ba ta maƙale wa kowa a wuya. A cikinta kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, yake. Giram 100 na sadin mai ƙaya yana ɗauke da wajen miligiram 380 na kalsiyam, wanda ya fi na kofin madara guda, ga bitamin D a jikin kifin da ke taimaka wa jiki ya amfana da shi. Kitsen omega-3 da zuciya ke buƙata kuma yana tare da fatar da naman da ke ƙarƙashinta. Gwangwanin da aka rubuta an cire ƙaya da fata yakan fi tsada, ka biya ƙari kuma an rage maka. In yara ne ke ƙyamar ganin ƙayar, sa cokali mai yatsu ka farfasa kifin duka, ba wanda zai gane tana ciki.

Furotin, sinadarin da ke gina jiki, kuwa, giram 100 na kifin da aka tsane yana da kusan giram 25. Gwangwani mai giram 125, in an tsiyaye, yakan ba da wajen giram 20, kusan abin da ƙwai 3 ke bayarwa. Kuma tunda sadin ƙaramin kifi ne, zaibar da ke taruwa a jikinsa, wadda ke cutar da mai ci, kaɗan ce in aka gwada da manyan kifaye masu cin 'yan uwansu.

Kada ka sa gishiri sai ka ɗanɗana. An riga an zuba masa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana. Mai hawan jini ya ɗauraye kifin da ruwa kaɗan. Lemon tsami da yankakkiyar ɗanyar albasa su ke kashe ƙarni, ba yawan kayan ƙamshi ba.

In miya kake yi ko shinkafa, bari komai ya nuna, ka rage wuta, ka jera kifin a sama, ka rufe minti 2 ka sauke. In da burodi ne, ba ya buƙatar wuta ko kaɗan. Abin da ya rage ka juye shi a mazubi mai murfi, ka sa a firiji, ka cinye cikin kwana 2. Mai fama da cutar gawut, wadda ke kumbura gaɓoɓi, ya tambayi likita tukuna, domin sadin na ƙara yurik asid, sinadarin da ke tayar da cutar, a jini.