Shawara kan maganin ƙaiƙayin ido na borin jiki

'Yan uwa, idan ƙura, ƙwayar furen tsirrai ko gashin dabba ke sa idanunku ƙaiƙayi da ja da zubar hawaye, maganin ɗigawa da likitoci suka fi farawa da shi shi ne wanda ke ɗauke da olopatadine ko ketotifen, domin yana danne sinadarin histamin da ke haddasa ƙaiƙayin, kuma yana saurin kawo sauƙi. Shi kuwa sodium cromoglicate rigakafi ne, sai an jure ɗiga shi kullum na kwanaki kafin a ga amfaninsa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake sayen maganin da ke ɗauke da dexamethasone ko prednisolone ba tare da likita ya rubuta ba. Gaskiya yana kwantar da ido nan take, amma daɗewa a kansa na iya jawo hawan jinin ido da yanar ido, alhali mutum bai ji komai ba har sai ganinsa ya fara raguwa. Haka maganin da ke kawar da jan ido irin naphazoline, kada a wuce kwana 3, domin jan yakan dawo fiye da da.

Wajen ɗigawa, a wanke hannu, a ja fatar ido ta ƙasa, a ɗiga ɗigo ɗaya ba tare da bakin kwalbar ya taɓa ido ba, sannan a rufe ido a danne gefensa na kusa da hanci na minti ɗaya. Idan akwai zafi mai tsanani, kwantsa mai kauri ko dishi-dishin gani, a je wurin likitan ido a ranar.